Sun Zaɓa Masa Makka, Ba Su Tambaye Shi Ba

Ina yi wa edita da masu karatu sallama. A lokacin da abin da zan ba ku labarinsa ya faru, ni matar aure ce mai shekara arba'in da 'yan kai, ina zaune a unguwar Ka'akiyya da ke gefen Makka, tare da maigidana da 'ya'yanmu mata biyu. Kafin aure na yi aikin karanta labarai a wani gidan rediyo a Katsina, inda aka horar da mu cewa ba a faɗin abin da ba a tabbatar ba, kuma ba a riƙe labarin da ya shafi ran mai saurare. Aikin tafinta ga alhazai ne ya kawo ni Makka, a nan muka haɗu da maigidana. Shi haifaffen Makka ne, ɗan ƙasa. Kakansa ya taso daga wani ƙauye a ƙasar Kano a ƙafa, ya ratsa Chadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya, da ya iso kuma bai sake fita ba har ya rasu. Maigidana shi ke tsara fitar motocin bas a tashar Kudai. Larabci ya fi masa sauƙi, Hausarsa kuwa ta tsofaffi ce, wadda ya ɗauka a bakin kakarsa. Idan ya kira 'yan'uwana a waya sai ya tambayi lafiyar dabbobi da labarin damina, alhali ba su da ko kaza. Bai taɓa ganin Kano ba. Kullum yana cewa in ya samu dogon hutu zai kwashe mu mu je ya ga ƙauyen da kakansa ya baro.

Ciwon maigidana ya fara da ciwon kai da safe. Daga nan ya fara rikita lambobin motocin da ya haddace shekara da shekaru, wata rana kuma ya yanke jiki ya faɗi a tasha. Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, aka ga ƙari a ɓangaren hagu, aka yi masa tiyata. Bayan an gwada naman da aka ciro, likita ya kira mu ofishinsa, ni da babban wan maigidana, wanda kowa a gidan yake kira Yaya. Ya ce ciwon daji ne, kuma irin mai saurin dawowa ne ko an cire shi. Tun kafin mu fito Yaya ya yanke hukunci cewa ba za a faɗa wa mara lafiya sunan ciwon ba. A nan garin mutane da yawa ba sa furta sunan, wancan ciwon kawai ake cewa, a rage murya. Aka ce masa ƙari ne, an cire, gashin da za a yi masa da na'ura da ƙwayoyin da zai sha duk don kada ya tofo ne. Ban ga illar hakan ba a lokacin, tunda duk wani magani da ya kamata yana samu.

Ya kamata mai karatu ya san matsayina a gidan. Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa, Yaya ne uba. Ni kuwa matar ƙaninsa ce, wato suruki ne a wurina. Ba na kiran sunansa, ba na haɗa ido da shi, idan ya shigo nakan gaishe shi in bar wurin. Idan ina da magana da shi sai ta bi ta bakin Umma, mahaifiyarsu. Haka na tarar, haka na bi shekara da shekaru ba tare da ya dame ni ba, domin ba a taɓa samun abin da ya fi ƙarfin wannan hanyar ba.

Bayan wasu watanni na sauƙi, har ya fara leƙa tasha yana tsokanar direbobi, sai sabon hoto ya nuna ƙarin ya dawo. Likita ya sake kiran mu, ni da Yaya, maigidana yana zaune a waje yana jira. Ya yi mana bayani dalla-dalla, kuma ina tune da shi domin irin bayanin da aka koya mini riƙewa ne. Ya ce magungunan da aka saba da su sun yi iyakar abin da za su yi. Amma an gano wata alama ta musamman a jikin ƙwayoyin ƙarin, kuma akwai wani sabon magani da ake gwadawa a wani babban asibiti a Riyad, wanda aka haɗa shi don ya nufi wannan alamar kai tsaye, ba kamar na baya ba da ke bugun mai kyau da marar kyau. Ya nanata cewa gwaji ne, ba a kai ga amincewa da shi ba. Mai yiwuwa ya tsayar da ƙarin na wani lokaci, mai yiwuwa bai yi komai ba, mai yiwuwa ma ya wahalar da jiki. Bai yi mana alkawarin warkewa ba ko sau ɗaya. Sai dai ya ce akwai sharuɗɗa. Dole mara lafiya ya ji bayanin da kunnensa ya amince da bakinsa, kuma dole ya kasance yana tafiya da ƙafarsa, yana ci da hannunsa. Sannan zai zauna a Riyad kusa da asibitin tsawon watanni. Ya ƙara da cewa kada mu yi jinkiri, domin irin wannan ciwon ba ya jiran mutum ya gama shawara.

Yaya bai tambayi yadda maganin yake ba, bai tambayi illarsa ba. Tambaya ɗaya ya yi: idan ajali ya same shi a can fa? Likita ya ce wannan na Allah ne, kuma ko da hakan ta faru akwai hanyar da ake bi a dawo da gawa. Yaya ya yi murmushi, ya roƙi likita ya bar mu mu faɗa wa mara lafiya da kanmu a gida, a cikin dangi, a hankali. Likita ya amince.

Ba a faɗa masa ba. Abin da aka yi shi ne taro a gidan Umma, ba tare da shi ba. Ina zaune a bakin ƙofa ina ji. Yaya ya ce kakansu ya ci wahalar duniya a hanya don ƙashinsa ya kwanta a wannan ƙasa, mahaifinsu ma a nan ya cika, kuma tun daga lokacin babu ɗansu ko ɗaya da ransa ya fita a wajen iyakar Harami. Ya ce mutane suna sayar da gonakinsu su zo suna roƙon Allah ya ɗauki ransu a nan, shi kuwa ƙaninsa Allah ya ba shi a kyauta, sai a ɗauke shi a kai shi Riyad a yi gwaji da shi, ya mutu a cikin baƙi, a dawo da shi a akwati kamar kaya? Ya ce ba da shi ba. Kowa ya gyaɗa kai. Babu wanda ya ce a tambayi mai ran.

Na samu Umma a ɗakinta bayan an watse. Na ce mata ɗanta mutum ne mai hankalinsa, mai iyali, ko da ba za a je ba, a bari ya faɗa da bakinsa. Ƙanwar maigidana tana wurin tana naɗe sallaya. Ta ce oho, 'yar rediyo ta fara, wai nan ba gidan labarai ba ne da za a yi wa mara lafiya sanarwar mutuwarsa, wai mu 'yan Najeriya ba mu san darajar abin da muka tarar ba, shi ya sa muke ganin Makka da Riyad duk gari ne. Umma ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kuka ta yi, ta riƙe hannuna, ta ce 'yata, na haɗa ki da Allah, kada ki karya masa zuciya, kada ki raba shi da makwancin ubansa. Na fito ban ce na yarda ba, ban kuma ce na ƙi ba. Na kwantar da hankalina da cewa ai za mu koma asibiti, likita zai tambaye shi kai tsaye, maganar za ta fito ba ta bakina ba.

Ranar komawa, Yaya ya riga mu shiga ofishin shi kaɗai, ya ɗan jima, sannan aka kira mu. Likita ya gaishe da maigidana, ya sa ya matse masa yatsu, ya sa ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ya ƙara masa maganin rage kumburi, ya sallame mu. Bai ambaci Riyad ba. Daga baya na san abin da Yaya ya shiga ya faɗa: wai an yi wa mara lafiya bayani a gida, ya ce ba ya so, kuma ya roƙi kada a sake tayar masa da maganar. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma mutumin da ba ya fashin sahun farko a masallaci ne ya yi ta. Likitan kuma, da iliminsa da rantsuwar aikinsa, mara lafiya na zaune a gabansa da bakinsa da hankalinsa, bai ga ya dace ya juya ya tambaye shi ba. A ranar maigidana da ƙafarsa ya shiga, da ƙafarsa ya fito, har ya tsaya ya saya wa yara tamis, burodin da suke so, a hanya. Ina zaune a ofishin nan, ina da baki, na yi shiru saboda surukina yana tsaye a kaina.

Daga nan jiki ya fara ja baya a hankali. Hannun dama ya yi nauyi, cokali ya fara suɓuce masa. Ƙafa ta fara jan ƙasa, aka kawo sanda, daga sanda sai kafaɗata. Magana ma ta fara tsinkewa, abin mamaki kuma Larabcin ne ya fara guduwa, Hausar kakarsa ta rage. Duk wannan lokacin gidanmu ba ya rabuwa da dangi. Ana zuwa da Zamzam, ana tofi, ana ce masa ya ji sauƙi, fuskarsa ta yi kyau. Ina lura da cewa ba a barin mu mu biyu na dogon lokaci, in wannan ta tashi waccan ta zauna.

Aikin Hajji ne ya raba ni da masu gadi. Duk wanda ya zauna a Makka ya san idan lokacin ya zo kowa yana da inda yake neman abincinsa. Yaya yana da aikin ciyar da alhazai a Arfa, ya kwashi maza da matan gidan duka suka tafi. Ranar hawan Arfa unguwarmu ta yi tsit, ko kukan mota babu. Da hantsi na zaunar da shi ina ba shi kunu, shinkafa ta riga ta fara shaƙe shi. Na ajiye kofin, na faɗa masa komai a jere, kamar yadda zan karanta labari, domin na san idan na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Na faɗa masa sunan ciwon, da dawowarsa, da maganin gwaji, da sharuɗɗansa, da taron gidan Umma, da dalilin Yaya.

Ya daɗe yana haɗa amsar, kalma na zuwa tana komawa. Ya ce sunan ciwon ai ya sani tun ranar farko da aka tura shi ɗakin gashi, ya karanta a bakin ƙofa, ko an ɗauka bai yi makaranta ba? Ya yi shiru ne don yana zaton Umma ce ba ta sani ba, ba ya so ta ji. Wato duk gidan muna ta wahalar ɓoye masa abin da ya riga ya sani, abu ɗaya da bai sani ba kuwa shi ne kaɗai mai amfani gare shi. Sai ya tambaye ni tun yaushe likita ya yi maganar Riyad. Na faɗa masa. Ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinyarsa, ya yi ƙoƙarin ɗaga shi, bai ɗagu ba. Ya ce a Makka aka haife shi, a Makka ya yi furfura, ba kabari ne ya rasa ba. Ya ce da an faɗa masa, ko Riyad ya zaɓa ko Kano, da shi ya zaɓa. Sannan ya ce in kai shi.

Sai da muka jira aka buɗe hanyoyi, aka dawo daga hutun Sallah. Na ɗauke shi a keken marasa lafiya zuwa asibiti, ni da babbar 'yarmu, ba tare da sanin kowa ba. Da na faɗa wa likita cewa ba a taɓa tambayar mara lafiya ba, ya cire tabaransa ya ajiye, ya rasa inda zai sa idonsa. A wannan karon ya juya ya yi wa maigidana bayani fuska da fuska, maigidana ya ce ya yarda. Likita ya duba shi, ya sa a sake hoto, ya kira mutanen Riyad a gabanmu. Amsar ba ta daɗe ba. Wanda ba ya iya tsayawa shi kaɗai, ba ya iya kai abinci bakinsa, ba ya cikin waɗanda za a ɗauka, domin jikinsa ba zai jure ba. Likita ya ce a yi haƙuri, da ya sani da ya tambaya. Na ce masa abin da ba sai an sani ba ne, mutum yana zaune a gabanka.

Da Yaya ya ji mun je asibiti, ya zo gidan da fushinsa, rana ta ƙona masa fuska. Bai yi mini magana ba, Umma ya aika ta ce mini na ci amana. Shi ya shiga wurin ƙaninsa da fara'a, ya zauna a bakin gado yana tambayar jiki. Ina tsaye a ƙofa, a karo na farko ban bar wurin ba. Maigidana ya dube shi ya tambaye shi da Hausa, wa ya aike ka? Yaya ya amsa da Larabci, ya ce ɗan'uwana, wallahi don kai na yi, alheri nake nufinka da shi, wata rana za ka gode mini a gaban Allah. Maigidana ya juya fuskarsa ga bango. Yaya ya ci gaba da magana, yana kawo falalar mutuwa a Harami, har ya gaji ya tashi. Wannan tambayar ita ce magana ta ƙarshe da maigidana ya yi wa Yaya kai tsaye. Kafin bakinsa ya rufe gaba ɗaya ya ce in faɗa wa Yaya ya yafe masa, na kuwa isar da saƙon ta bakin Umma, yadda aka saba.

Ya rasu a gadonsa a Ka'akiyya, a cikin iyakar Harami, kamar yadda aka tsara masa. An sallace shi a Masallacin Harami bayan La'asar, jama'ar da ba ta ƙirguwa ta yi masa addu'a, aka rufe shi a maƙabartar da aka rufe mahaifinsa. Ba na raina wannan, Allah ya sani, kuma ina roƙon ya amfane shi. Amma a zaman makoki duk wadda ta shigo sai ta rungume ni ta ce ya dace, wallahi ya dace, ina ma mu. Aka ce a ɓangaren maza ma haka ake ta faɗa wa Yaya, ana yaba masa cewa ya tsaya wa ƙaninsa har ƙarshe, shi kuma yana karɓa yana cewa alhamdu lillahi. Ina zaune cikin takaba ina sauraren mutane suna taya juna murnar abin da aka ƙwace daga hannun mutum yana raye.

Ba na cewa maganin nan da ya warkar da shi. Likita bai faɗa ba, ni ma ba zan ƙara a kan abin da na ji ba. Mai yiwuwa da mun je Riyad mun sha wahala mun dawo hannu wofi. Kwanansa a rubuce suke, na yi imani da haka. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, mutumin da ya shekara ashirin yana yanke shawarar inda ɗaruruwan motoci za su nufa, aka ga bai isa a tambaye shi inda jikinsa zai nufa ba. An yi masa haka da sunan ƙauna, da sunan addini, kuma waɗanda suka yi ba su taɓa jin sun yi laifi ba. Ni ma ina da rabona, domin kunyar suruki ta riƙe mini baki a lokacin da ƙafarsa take ɗaukarsa, na buɗe shi bayan ta daina. Yanzu ina gaishe da Yaya idan mun haɗu, saboda 'ya'yana, amma na daina sunkuyar da kai.

Ga duk wanda Allah ya jarraba da jinyar babban mutum mai irin wannan ciwo, ina ba ku shawara da abin da na gani. Idan likita ya kira ku ofis ya bar mara lafiya a waje, ku tashi ku shigo da shi. Idan aka ce akwai maganin gwaji, ku tambayi amfaninsa da illarsa da sharuɗɗansa, ku kai masa duka a ranar, domin damar tana tafiya tare da ƙarfin jikinsa, kuma ba ta dawowa. Idan ya ce ba ya so, ku girmama shi, amma ku ji daga bakinsa. Likitoci kuma, kada ku karɓi amsar mara lafiya daga bakin wansa alhali shi yana zaune a gabanku. Ku da kuke zaune a wannan gari mai alfarma, fatan cikawa a cikinsa abu ne mai kyau, kowa ya roƙa wa kansa, amma kada wani ya tsare ɗan'uwansa a gado don ya cika masa wannan fatan. Mata 'yan'uwana, akwai ranar da shiru a gaban suruki ladabi ne, akwai ranar da cuta ce ga mijinku.

Bayan na fita takaba na kai 'ya'yana Kano, muka nemi ƙauyen kakan mahaifinsu har muka same shi. Wani tsoho ya nuna mana kangon gidan da kakan ya baro, ya tambaye ni ina jikan nasa, me ya hana shi zuwa. Na ce masa ya so zuwa, ba a faɗa masa lokaci ya yi ba.